Mangwaron Tsakar Gida: Na Mai Gida Ne Ko Na Mai Ban Ruwa?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu (S.A.W.) da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

 Bayan haka, abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan karon wata tambaya ce da aka tare ni da ita a ƙofar aji, bayan mun tashi karatun yamma na matan aure a nan Argungu. Mai tambayar ta girme ni nesa ba kusa ba, Yaya nake ce mata ko da yake a aji ni ce malama. Maigidanta ya rasu, Allah Ya jiƙan sa, ta gama takaba ta dawo makaranta ke nan. Ya bar mata biyu da 'ya'ya tara, uku daga ciki ba su balaga ba. Gidan da ya bari ba zai rabu gida-gida ba, don haka magada suka tsayar da shawarar a sayar a raba kuɗin.

Gidan ba wani abin a zo a gani ba ne ta fuskar gini. Ɗakuna ne irin namu, bulo da kwano, da zaure, da rijiya a kusurwa. Amma duk wanda ya shiga tsakar gidan da rana tsaka sai ya ji kamar ya canza gari. Akwai mangwaro biyu manya da suka haɗe kai, akwai lemun tsami da gwaiba, ga lalle ya bi jikin katanga, ga dogon yaro a ƙofar gida inda maza ke shimfiɗa tabarma. Da dillali ya kawo masu saye, wanda ya taya da tsada bai ɓoye dalilinsa ba. Ya ce ya ga gidaje da yawa da suka fi wannan gini, itatuwan ne suka sa ya ƙara kuɗi, domin gini ana yin sa a wata shida, inuwa kuwa ba ta sayuwa a kasuwa.

Ga abin da ta ce mini, kamar yadda ta faɗe shi: “Malama, iccen ga duka ni nid dasa su da hannuna. Shekara goma sha bakwai ina ba su ruwa. Yanzu an ce don su anka ƙara kuɗin gida, ni kuwa rabin tumuni za a ba ni kamar wadda ba ta taɓa ɗaukar bokiti ba. Da nib buɗe baki, sai anka ce in ji tsoron Allah, ai ladata na can tana jirana. Tau Malama, na yi laihi da nit tambaya?”

Kafin mu yi saurin ba ta amsa, ina so mu tsaya mu dubi abin da ake nufi da shekara goma sha bakwai na ban ruwa a wannan ƙasa tamu. Wadda ke zaune inda ruwan sama ke sauka wata takwas ba za ta gane ba. Mu a nan damina wata huɗu ce in ta yi kyau, daga Yuni zuwa Satumba. Daga nan sai hunturu da iskarsa mai busar da komai, sai kuma bazara, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, rijiyoyin gida su ja baya, jarkar 'yan ga-ruwa ta yi tsada. Gulbi na kusa, gaskiya ne, amma ruwan Matan Fada ba ya tako ƙafa ya shigo tsakar gidan kowa. Ɗan mangwaron da bai kai gwiwa ba, kwana kaɗan na ƙishirwa sun ishe shi mutuwa. In ya tsira daga rana, akuya na jiran sa. In ya tsira daga akuya, gara na binsa ta ƙasa. Ga yara masu karya reshe su yi bulala. Ita wannan baiwar Allah da kuɗin sana'arta ta gumin shinkafa ta sayi dashen. Ta kewaye su da ƙaya da fasassun bulo. Ruwan alwalarta da na ɗaurayar kwanuka ba ta taɓa zubar da su a banza ba, gindin icce take kai su. Shekarar da rijiya ta ƙafe, ta ce sai da ta riƙa sayen jarka ɗaya ta musamman don mangwaron, kishiyarta na mata dariya tana cewa ta samu sabon goyo. Sau biyu dashen na mutuwa tana sakewa.

Batun cewa itatuwa na ɗaga kuɗin gida kuwa ba zancen dillali kaɗai ba ne. A ƙasashen da ake rubuta kowane ciniki an auna abin. Wani bincike da aka buga a 1988 kan gidajen da aka sayar a garin Athens na jihar Jojiya a Amurka ya nuna gidan da ke da itatuwa a gabansa yana ɗara ɗan uwansa da kashi 3.5 zuwa 4.5 cikin ɗari. A 2010 wasu masu bincike biyu, Donovan da Butry, sun duba cinikin gidaje a birnin Portland, suka samu itatuwan bakin titi na ƙara wa gida kimanin dala 8,870, har gidajen maƙwabta ma suna ɗagawa saboda icen da ba su suka dasa ba. Mutanen da ke da sanyi da na'urar sanyaya ɗaki ke nan, ina ga mu da tsakar gida ita ce falonmu, ita ce kicin ɗinmu, ita ce ɗakin kwananmu a bazara? Hatta dokar ƙasarmu ta san da haka. A ƙarƙashin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, idan gwamnati ta karɓi wuri don hanya ko makaranta, abin da take biya diyya a kai shi ne abin da mutum ya raya a wurin, gini ko shuka, shi ya sa za ki ga ma'aikata sun zo da takarda suna ƙirga mangwaro da dabino ɗaya bayan ɗaya.

Ba kowane mai saye ba ne ke ganin haka, wannan ma gaskiya ne. Tun da aka ƙirƙiri jihar Kebbi a 1991 Birnin Kebbi ta zama hedikwata, filaye suka yi daraja, akwai mai sayen gida don ya fasa katangar gaba ya fitar da shaguna, shi a wurinsa icce cikas ne, gatari yake fara nema. Akwai kuma yayin da ya shigo na malale tsakar gida da siminti ko intalok tun daga ƙofa har bayan gida, sai a jera wasu dogayen itatuwan ado masu kama da lema a rufe, ba inuwa ba 'ya'ya. Da rana daɓen ya sha zafi, da dare ya amayar da shi, matar gida ta rasa inda za ta ajiye tabarma. Wannan wani zance ne na daban, Allah Ya kai mu ranar da za mu yi shi. A gidan da muke magana dai mai saye ya biya kuɗin inuwa, kuma ya faɗa da bakinsa.

Bari mu yi lissafi a misali, don abin ya fito fili. A ce an sayar da gidan naira miliyan 8, a ce miliyan 1 daga ciki albarkacin itatuwan ne. Matan mamacin da ya bar 'ya'ya tumuni ne rabonsu, wato ɗaya cikin takwas, naira miliyan 1 ke nan, su biyu kowace ta ɗauki 500,000. Idan muka ware miliyan ɗayan nan na itatuwa kaɗai, abin da zai faɗo hannun wadda ta dasa su naira 62,500 ne, daidai da abin da zai faɗo hannun wadda ta yi mata dariya. Hausawa suka ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kada wata ta fahimce ni a karkace. Rabon gado Allah ne Ya yanka shi da kanSa a Suratun Nisa'i, ba mai ƙara wa tumuni ƙwayar gero, ba mai rage shi, kuma ita ma Yayar tawa ba ta ce a taɓa shi ba. Tambayarta ta riga rabo zuwa. Tana tambaya ne, shin duk abin da aka tara a faifai za a raba dukiyar mamaci ce zalla, ko kuwa akwai guminta a ciki? Domin ayoyin gadon da kansu sun maimaita cewa rabo yana zuwa ne bayan an fitar da wasiyya da bashi. Abin da yake haƙƙin wani ba ya zama gado don kawai an same shi a cikin gidan mamaci.

Magada suna da hujjarsu, kuma ba ƙaramar hujja ba ce. A fiƙihunmu na Malikiyya, kamar yadda ya zo a Muktasar na Shehu Halil, idan aka sayar da ƙasa to gini da itatuwan da ke kanta sun bi ta cikin cinikin. Icce ba akwati ba ne da za ta ɗauka ta fita da shi ranar tashi. Ƙasar ta maigida ce, rijiyar tasa ce. Har nan ba gardama. Amma a cikin babin ciniki ɗin nan dai akwai wani hukunci da muke karantar da ɗalibai a Risala, wanda asalinsa hadisi ne da Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa, Buhari da Muslim ma suka ruwaito: wanda ya sayar da dabino bayan an yi masa barbara, 'ya'yan wannan shekarar na mai sayarwa ne, sai fa in mai saye ya sharɗanta. Ku dubi wannan da kyau, 'yan uwa. Icen ya tafi hannun wani, amma shari'a ba ta manta da hannun da ya hau ya yi wahala ba. Haka kuma malamai sun yi dogon bayani kan wanda ya yi gini ko dashe a ƙasar wani da izinin mai ƙasar, sun yi saɓani kan yadda za a kimanta abin da za a ba shi, amma zancen nasu kan kimantawa ne, ba kan a kore shi hannu rabbana ba.

Yanzu bari in zo kan maganar da ta fi yi mini ciwo, wato cewa da aka yi ta yi shiru domin ladarta na jiran ta. Ladar gaskiya ce, ba shakka. Imam Muslim ya ruwaito daga Jabir (R.A.) cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya shiga gonar dabinon wata mata Ba'ansariya, Ummu Mubasshir, ya tambayi wanda ya dasa, sannan ya yi bushara cewa Musulmin da ya dasa icce ko ya yi shuka, duk abin da mutum ko dabba ko tsuntsu ya ci daga ciki sadaka ce a gare shi. Ku lura, a gonar mace aka yi wannan bushara. A wata ruwayar ta Jabir ɗin har an ambaci abin da aka sata daga icen, shi ma sadaka ne ga mai dashen. To ina tambaya, don an rubuta wa mai icce lada a kan abin da ɓarawo ya tsinka, satar ta zama halal ga ɓarawon? Ba mai hankalin da zai ce haka. Littafi biyu ne. Ɗaya tsakaninta da Ubangijinta, Shi ke rubuta shi, ba Ya kuma tauye kowa. Ɗayan tsakaninta da mutanen da suka ci moriyar guminta, su za a tambaya a kansa. Wanda ya ɗauko littafin farko ya rufe na biyu da shi, ya yi amfani da alkawarin Allah ne wajen kare aljihunsa.

Abin da na lura da shi kuma, wannan magana ta “Allah zai ba ki lada” kusan kullum fuska ɗaya take kallo. Ban taɓa jin an ce da magini ya bar kuɗin aikinsa don lada na jiran sa ba. Dillalin da ya yi zirga-zirgar mako biyu ya karɓi la'adarsa cif, ba wanda ya ce masa ya ji tsoron Allah. Wanda ya zo ya shafe tsagar da saiwar mangwaro ta yi wa katanga an biya shi a take. (Ita ce ma ta ja matar mai saye gefe ta nuna mata wurin da aka shafe, ta ce kada a ci amanar mutane da icenta, wanda hakan bai yi wa wasu daɗi ba.) Sai mace, wadda ta fi kowa daɗewa a kan aikin, ita ce in ta tambaya ta zama mai son duniya.

Wata za ta ce, ai hidimar gida ce, wajibinta ne. A'a. Malamanmu sun bambance. Hidimar cikin gida da al'ada ta ɗora wa mace, irin girki da shara da shimfiɗa, daban. Aikin da ke haifar da dukiya, sun ba da misali da kaɗi da saƙa, wannan ba a tilasta mata shi. Kuma aya ta 32 a Suratun Nisa'i ta tabbatar wa maza rabo daga abin da suka tsuwurwurta, ta tabbatar wa mata nasu. Wannan matsala ba a kanmu aka fara ta ba. A ƙarni na 10 na Hijira, a duwatsun arewacin Maroko, wani malamin Malikiyya mai suna Ahmad Ibn Ardun ya ga matan ƙauye suna noma da girbi kafaɗa da kafaɗa da mazajensu, in miji ya mutu ko ya sake su su fita da tsummansu kawai, sai ya ba da fatawa cewa suna da rabo a cikin abin da aka samu da aikinsu, ban da gadonsu. Malaman birnin Fas da dama ba su yarda da shi ba, amma an yi aiki da fatawar a wasu yankuna, kuma a 2004 da Maroko ta sabunta dokar iyali, sashe na 49 ya ba ma'aurata damar rubuta yarjejeniya kan dukiyar da aka samu a zaman aure, in ba su rubuta ba alƙali ya duba gudummawar kowa. Ban kawo wannan don in ce shi ne hukuncin kotunanmu ba. Na kawo shi ne don mu san tambayar Yayata tambaya ce da manyan malamai suka ɗauka da muhimmanci, ba rashin kunya ba ce, ba kuma koyarwar Turawa ba ce.

Sai dai adalci ya sa in faɗi abin da ke ɗaya gefen, domin na kwana da shi ina juyawa. Na farko, ita ma ta sha inuwar shekara goma sha bakwai, 'ya'yanta sun ci mangwaron, ta sayar da lemun ta sa kuɗin a asusunta maigida bai taɓa cewa uffan ba. Na biyu, niyya. Ranar da ta dasa, shin ta dasa ne tana ganin nata ne, ko kyauta ta yi wa gidan mijinta don Allah? In kyauta ta yi, kyauta ba ta komawa bashi don an ga kuɗi sun fito. Na tambaye ta wannan, ta yi shiru, sannan ta ce wallahi ita ba ta yi tunanin ko ɗaya ba, zafi ne ya dame ta da goyo ta dasa. Ina jin yawancinmu amsar da za mu bayar ke nan. Na uku, kuma shi ya fi nauyi, idan aure ya koma kowa na riƙe da takarda yana rubuta bokiti nawa ya ɗauka, to mun rusa abin da ya fi gida tsada. Shi ma mamacin ya yi mata abubuwan da ba wajibinsa ba ne, bai rubuta ba. Allah Ya hore mu a Suratul Baƙara, a tsakiyar ayoyin saki ma, kada mu manta da falalar da ke tsakaninmu. Na huɗu, akwai marayu uku a cikin magada, dukiyar maraya kuwa wuta ce. Ba wanda ke da ikon ya yi kyauta da rabonsu don ya ji tausayin wata, ko da uwarsu ce.

Inda na tsaya shi ne nan. Abin da ta kashe na kuɗinta a fili, kuɗin dashe da na ruwan da ta saya, in tana da shaidu kuma ba ta yi da niyyar kyauta ba, tana da damar ta kai gaban alƙali ko malamin da ke rabon, a duba shi kafin a raba, kuma ba ta yi laifi ba ko kaɗan. Wannan hukunci nasu ne, ba na malamar Islamiyya ba. Amma abin da ya wuce haka, wato shekarun da ba su da rasit, ko da alƙali bai iya yanka mata komai ba, nauyin bai sauka daga kan magada baligai ba. Sun ji da kunnensu mai saye ya ce don itatuwa ya ƙara. Sun san hannun da ya raya su. Kowanensu na da ikon ya cire wani abu daga rabonsa, ba daga na marayu ba, ya ce Inna ga wannan, mun san aikinki ne. Abin da kotu ba ta iya ƙwata ba, ba shi ne abin da Allah ba Ya tambaya ba. Ita kuma in ta ga dama ta yafe, yafewarta na da lada babba, amma sai an fara yarda cewa akwai abin yafewar. Ba a ce wa mutum ya yafe abin da aka ce ba shi da shi.

Mu da mazajenmu ke raye, Allah Ya ƙara musu lafiya, darasinmu ya fi sauƙi, ko da yake faɗarsa na da nauyi a baki. Sau da yawa maigida kan ce, “In na mutu mangwaron nan naki ne,” ko “ɗakin nan da kika gina naki ne.” Wannan magana ba ta tsayawa. Wasiyya ce ga magaji, ita kuwa ba ta zartuwa sai sauran magada sun yarda. Kyauta kuma a mazhabarmu sai an karɓe ta a hannu tun mai bayarwa na da rai da lafiya, in ya rasu kafin haka ta koma gado. Saboda haka in maigida ya ga matarsa ta raya masa gida da kuɗinta da ƙarfinta, hanya mafi tsabta ita ce ya saka mata tun yanzu da abin da za ta riƙe, kuɗi ne, ko tumaki, ko ɗan fili da sunanta, ko kuma ya yi iƙirari gaban shaidu tun yana da lafiya cewa tana bin sa kaza. Ke ma 'yar uwa, in za ki sa kuɗin sana'arki a gini ko dashe ko haƙa rijiya, ki zaɓi lokacin da ransa ke sanyi ki ce, “Maigida, wannan rance ne,” ko ki ce a ranki da bakinki, “Wannan na ba ka don Allah.” Kowanne kika zaɓa daidai ne. Wanda ke haifar da husuma shi ne wanda aka bari a duhu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani kan rubuta bashi ta sauka, ba kuma don Musulmi maƙaryata ne ba, don mutuwa da mantuwa ne.

Akwai wani tsoro da nake da shi wanda ya wuce gida ɗaya. Ranar da labarin nan ya bazu a aji, wata amarya ta ce ita kam ta koyi hankali, ba za ta dasa ko zogale a gidan miji ba. Dariya aka yi, ni ban yi ba. Maƙwabtanmu na Nijar sun ga irin wannan a gonaki. Shekaru da dama itatuwan daji ana ɗaukar su na gwamnati ne, manomi na iya shan tara a kan icen da ke cikin gonarsa, don haka ba mai damuwa ya raya shi. Daga 1983, a yankin Maraɗi, wani ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo da manoman wurin suka fara rainon tohon kututture maimakon sare shi, kuma da mutane suka samu tabbacin cewa icen da suka raya nasu ne, abin ya bazu har aka kiyasta ya kai hekta miliyan 5 da itatuwa kimanin miliyan 200. Kebbi na cikin jihohi 11 na Arewa da ke cikin shirin dashen itatuwan nan na tare hamada, amma duk dashen da gwamnati za ta raba, wanda zai shiga tsakar gida mace ce za ta ba shi ruwa ko ta bar shi. In matan gari suka gane cewa inuwar giginya suke rainawa, na nesa ka sha, to gidajenmu za su koma siminti da kwano, 'ya'yanmu su gasu a ciki.

Ga amaryar nan da ire-irenta nake cewa, kada zaluncin wasu ya hana ki alherinki. Annabi (S.A.W.), a hadisin Anas da Imam Ahmad ya ruwaito, ya hori wanda tashin ƙiyama ya riska da ɗan dashen dabino a hannu ya dasa shi in ya samu dama. Wannan ba zai ci ba, ba zai sayar ba, ba zai bar wa magaji ba. Ki dasa. Amma ki dasa da ido buɗe, ki kuma tsaya wa 'yar uwarki ranar da aka ce ta yi shiru.

An sayar da gidan. 'Ya'ya mata biyu manya, ɗaya ma ta kishiyar ce, sun haɗa wani abu daga rabonsu sun kai mata da dare, suka ce kada kowa ya ji. Babban ɗan bai ba da komai ba, har yanzu yana ganin an so a ɓata masa suna. Ita ba ta je kotu ba, ta ce ba za ta tsaya gaban alƙali da 'ya'yan mijinta ba. Ta koma gidan ƙanenta da ƙananan yaranta, wani sabon gini a bayan gari da ba ko ciyawa a cikinsa.

Makon jiya bayan an tashi karatu ta sake tare ni a ƙofar aji. Na ɗauka zancen gadon ne zai dawo. Sai ta ce ta ga wasu fasassun bulo a jibge bayan makaranta, ko akwai mai su? Na ce me za ki yi da su, Yaya? Ta ce, “Ƙwallo biyu nit taho da su daga wancan gida, sun tsiro. Awakin maƙwabta na shigowa.” Na aiki yara biyu suka ɗaukar mata a baro.